Lamba Arba'in da Biyu

Shekara goma sha tara ina koya wa mata lalube:
ɗaga hannu, shimfiɗa yatsu uku,
ki zagaya a hankali kamar mai tsince tsakuwa a wake.
Na faɗa da Larabci, na faɗa da Hausar Maiurno,
wadda ba ta jin ko ɗaya na kama hannunta na nuna mata.

Daren Laraba, an ɗauke wuta a Wad Madani,
ina wanka a duhu, sabulu a tafina,
yatsun nan uku suka tsaya da kansu.
Ban aike su ba.
Kamar ƙwallon dabino, a hagu, can sama wajen hamata,
in an tura shi ba ya gudu.
Na san sunansa kafin in ɗauraye kumfa.

Wanzami ba ya son jarfa.
Sati uku ina ba kaina uzurin
da nake yi wa mata faɗa a kansa:
bari a gama bikin Rihab,
bari a yi albashi,
wataƙila kaluluwa ce.

Mahasin ce ta ɗauki hoton,
yarinyar da na koya wa riƙe na'ura.
Ta daɗe tana gyara abin da bai karkace ba.
Na ce, juyo min allon, ƙanwata,
karatun nan a bakina kika ɗauka.

Akwai benci a ƙofar ofishina.
Kullum ina wuce shi da farar riga, ina duba agogo.
Ban san ƙafarsa ɗaya gajera ce ba
sai da na zauna a kai
da lamba arba'in da biyu a hannu.

Hajja Awadiyya, wadda na cire wa nata bara waccan,
ta matsa min, ta gyara lulluɓi.
Ba ta ce sannu ba.
Ta ce, ranar da za a ɗaura miki ruwan nan
kada ki ci abin da kike so,
za ki tsane shi har ki mutu.
Ni kisra da miyar kuɓewa na rasa.
Wannan ba ya cikin littattafan da na haddace a Khartum.

Sau nawa na ce wa mace, tamanin cikin ɗari suna tashi,
ina murmushi, ina rufe fayil?
Ashe da rana ake zama cikin tamanin.
Da dare, in fanka ta tsaya,
cikin ashirin ɗin ake kwana.

Gashi ya fara bin mataji a sati na uku.
Attayib yana share shi da asuba kafin in farka,
yana zaton ba na jin tsintsiya.
Turaren wutan da na fi so ya koma tayar min da zuciya.
Farcena ya yi baƙi, na sa lalle a kai,
'yan barka suka ce, amarya.

Wata rana na sa a kai ni bakin Nilu.
Ruwa ya cika, ja wur da laka,
yana ta wucewa, bai tambayi sakamakon kowa ba.
Na ji haushinsa. Daga baya na ji sanyi.

Na dawo aiki da gefe ɗaya a shafe
da dunƙulen auduga a cikin riga.
Ta farko yarinya ce daga Sinnar, goyo a baya,
ta riƙe wuyan rigarta da hannu biyu.
Ta ce, likita, da zafi?
A da nakan ce, kaɗan.
Na murza tafina har suka yi ɗumi,
na ce, da zafi, kuma ana wucewa,
zauna in gaya miki ranakun da suka fi wuya.

Da aka tashi na naɗe kwalin magani gida huɗu,
na durƙusa,
na cusa a ƙarƙashin ƙafar bencin.