Mai Ban Ruwa a Ƙeya

Ranar da na ɗaga damin dawa a gonata ta Auyo
kububuwa na ƙasa, ta yi gammo.
Ban san na yi tsalle ba.
Ganina kawai na yi a kunya ta uku,
gabana na dakan lugude,
tafin hannu sharkaf, baki ƙamas.

Da dare Uwale, da ta zo hutu daga Birnin Kudu,
ta ɗaura mini abin awo a damtse.
Ta ce, Baba, taɓa ƙeyarka,
nan inda hula ke tsayawa.
Gindin ƙwaƙwalwa ke nan, ba ya runtsawa.
Wasu 'yan ƙwayoyi ne jere a tsakiyarsa
ke ɗiga sinadari, sirotonin,
saƙon ya gangara ta ƙashin baya
ya iske jijiyoyin da ke tsuke hanyar jini,
masu zaburar zuciya,
masu hura wutar jiki in ɗari ya kama.
Sai dai ya danganta da ƙofar da ya ƙwanƙwasa:
wata a ƙara, wata a sassauta.

Na ce, ashe ban ruwa ne.
Shekara talatin ina lambun albasa,
fartanyar da ke buɗe wa ruwa hanya
ita ke toshe shi.

Ta rubuta lamba a bayan rasiɗin taki,
ta ce in rage gishiri.

Na kwanta da hannu a ƙeya.
Tun ina goye yake aikin nan,
ko sannu ban taɓa ce masa ba.