Haske Ma Yakan Ratse

Rufe littafin nan, Kiteriya, matso kusa.
Abin da malaminku ya zana da alli,
ni a ka na ɗauke shi.

Akwati ne dogo kamar makara.
Mu huɗu muka kinkime shi zuwa tudun gonar koko,
a nan Principe, shekarar da aka daina babban yaƙi:
ni, da Belmiro, da Serafim mai karyayyen haƙori,
da wani yaro daga Angola da sunansa ya ɓace mini.
Ana ta ce mana, a hankali, gilashi ne.
Ba a taɓa ce mana a hankali ba
saboda wuyanmu.

Baƙin su biyu ne, daga Ingila.
Sauro ya yi biki a kansu.
Suka kwantar da wani bututu mai ido ɗaya,
da madubi a gabansa yana bin rana
kamar maraƙi a bayan uwa.
Birai sukan sauko su murɗa kusoshi,
aikina in kore su da jifa.

Ranar da suke jira, sama ta ƙi.
Tun hantsi aka tsuge da ruwa, tsawa na tsaga dawa.
Serafim ya raɗa mini:
sun ƙetare teku don su ga hadari.
Na danne dariya da tafin hannu.

Rana ta karkata, ruwan ya ɗauke,
girgije ya yi shara-shara kamar tsohon zane.
Sai duhu ya faɗo.
Kaji suka nemi makwanci, kwaɗi suka ɗauki kuka,
wata mata ta durƙusa a laka tana kiran sunan uwarta.
Shi kuwa baƙon da ya baro ƙasarsa don husufin nan
kansa a sunkuye:
zare faranti, sa faranti,
wata 'yar na'ura na ƙirga masa, ƙas, ƙas, ƙas.
Goma sha shida na lissafa.

Ni na kalla.
Baƙin tulu ne da farin gashi kewaye da bakinsa.
Minti biyar, Kiteriya,
ba wanda ya tuna ya ce mu koma aiki.

Da dare suke wanke farantan.
Ruwanmu ya yi musu ɗumi, sai an jefa ƙanƙara;
ranar na fara riƙe ta, na ɗauka wuta ce.
Yawancinsu ba komai sai girgije.
Biyu ne suka fito da ɗigo-ɗigo
kamar kashin ƙuda a jikin kwano.
A kan wannan ya yi kwanaki yana awo.

Daga baya aka ce jaridu sun cika da mu,
wato da tsibirin.
Taurari, wai, an gan su a inda ba sa zama.
Ba su suka gusa ba.
Haskensu ne, da ya zo gifta rana, ya ratse,
ratsewar da ba ta kai kaurin gashi a faranti ba,
amma ta isa a sake rubuta littattafan duniya,
har naki.

Kin ce abu mai nauyi yana lanƙwasa hanya,
kusa da shi ko lokaci jan ƙafa yake yi.
To.
Shekara biyar aka rubuta a takardata
ranar da na dangwala yatsa.
Duk hanyar da na ɗauka zuwa bakin teku
sai ta lanƙwaso da ni gindin babban gida.
Belmiro yana ƙarƙashin bishiyar can, bai ga jirgin komawa ba.

Ban ce ba su yi aiki ba. Sun yi.
Na ga hannun mutumin yana rawa,
na ga bai yarda da idonsa ba sai da ya sake aunawa,
kuma hakan ya burge ni har yau.

In malamin ya tambaya, ki ce
gefen hagu na akwatin ya fi nauyi.
Miƙo mini man kwakwar nan.
In za a yi ruwa, wuyan nan ne yake fara sani.