Takardar Ƙosai

Daren Laraba darakta ya tsare ni,
ya turo ambulan bisa tebur da yatsa guda.
Ya ce, "Tsahiru na son kujerar magajin gari.
Bar zancen kwalbati, bar kuɗin rumfunan kasuwa,
mutane sun gaji da lissafi.
Nemo mini uwarsa."

Na nemo ta kuwa, ban ko tashi daga kujera ba.
"An ce" ta yi mini jagora,
"majiya mai tushe" ta riƙe mini fitila.
Na ba ta ɗakin haya a bakin iyaka,
na ba ta ƙuruciyar da ba ta yi ba,
na ɗora ayar tambaya a kan uban ɗanta,
na sa sunana a ƙasa, Sanusi Rabe,
da manyan baƙaƙe.

Takardun kwalbatin suna cikin aljihun teburina,
wadda aka biya sau biyu,
ruwa kuma ya ci gidaje bakwai a Bagalam.
Wannan ce gaskiyar da ke hannuna.
Ba ita aka saya ba.

Malaminmu a Yamai ya sha faɗa mana:
kafin ka buga, je ka ji ta bakin mai ita.
Alli a hannun rigarsa, tari a ƙirjinsa.
Ya rasu bai mallaki ko babur ba,
muna ta yi masa dariya.

Safiyar Lahadi, Mokoyo.
Na sauka daga kabu-kabu da yunwa,
na miƙa dala ashirin ga wata tsohuwa
mai tabon mai a bayan hannu.
Ta yagi takarda, ta zuba ƙosai, ta barbaɗa yaji,
ta ƙara mini biyu gyara.
Wata ta leƙo ta katanga:
"Baraka, uwar Tsahiru, a bar mini na goma!"

Na dubi hannuna.
Shafi na uku ne.
Mai ya ratsa sunana har ina hango yatsuna ta cikinsa.

Ta ce, "Ɗan nan, da alama ka yi lakwal.
An ce sunana ya fito a nan ciki.
Jikata ta duba ta yi shiru,
ɗana ya ce in hura wuta da ita.
Ni kuwa shekara sittin da huɗu
ba a taɓa rubuta ni ba, ko a asibiti.
Karanta mini."

Kaskon yana ta tsuwa.
Ladan bai kira ba, mota ba ta wuce ba,
ba abin da ya zo ya cece ni.

Na ce, "Inna, rubutun ya jiƙe."

Ta ce, "Ba komai, akwai saura,"
ta jawo wani daga ƙarƙashin tabarma,
busasshe, ta shafe shi da tafin hannu,
ta miƙo mini.