Ba Komai

A Zuru, bayan majami'a, akwai ɗaki mai kujera biyu,
da tulu, da agogon bango mai gaggawar minti goma.
Nan ake gwada mu, ɗaliban digiri na biyu,
a ga ko za mu iya sauraron mutum
ba mu tari numfashinsa ba.

Ni Kezaya, Sinanci ne jarina.
Shekara biyar na yi can ina karatun famfo da madatsa,
na dawo da harshen da, in na yi magagi da shi,
Inna kan tashe ni ta ce, "Wa kike zagi?"
Ban san ranarsa na tafe ba.

Malaminmu, Dakta Irimiya, ya ce:
"Mutum kan yi ciniki da kowane harshe,
ya ci bashi da shi, har ya rantse,
amma ran da tura ta kai bango
da wanda ya sha a nono yake kuka.
Je ki. Ki bar wa'azi a jaka.
Mai ciwon kai bai aika a kira makaɗi ba."

Sunansa Guo, mai gyaran injin fasa dutse.
Kwana saba'in da ɗaya ya yi a daji,
ƙafa ɗaure da sarƙar babur,
kafin a yar da shi bakin hanya kamar buhun gawayi.
Likita ya duba: jini lafiya, ƙashi lafiya.
Barci ne kaɗai bai biyo shi gida ba.

Na gaishe shi da harshensu,
ya ɗago kamar wanda aka kira daga cikin rijiya.
Na ce, "Yaya jiki?"
Ya ce, "Mei shi."
Wato, ba komai.
Ashe su ma suna da faifan nan
da muke rufe ƙwaryar da ta tsage.
Haka Baba ya ce daren da aka kora shanun nomanmu,
ya rayu damina uku a kan kalmar,
bai sake cin tuwo ya ƙoshi ba.

Makon farko ya ƙirga azarar rufi.
Na biyu ya ce ruwan tulun na da daɗi.
Ayoyin da na haddace suna ta motsi a bakina,
na haɗiye su, na yi addu'ata a ciki,
inda shi ba zai ji nauyinta ba.

Na uku, wani ɗan acaba ya wuce ta bayan taga.
Kafin in kifta, mutumin na ƙasa,
hannu bisa ƙeya.
Takarduna ba su faɗi abin yi ba.
Na ture kujera, na zauna kan siminti,
har ƙarar ta ɓace wajen kasuwa.

Daga nan ƙasa ya yi magana:
"Mu biyu ne.
Ran da Lin ya kasa haɗiya, ni na cinye rabonsa.
Yana kallona.
Allahnku na yafe wa wanda ya ci tuwon mai mutuwa?"

Amsa na da ita, tun ajin Lahadi.
Amma ƙaya in ta daɗe a nama
ba a fizge ta don an ga kanta.
Na ce, "Ba ni labarin Lin.
Me yake ci in yana gida?"

Ya ce kifi, da barkono mai sa hawaye.
Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya,
abin da ke bayanta ya zubo,
ya yi ta zuba.
Na miƙa masa moɗa.
Ban ce ya yi haƙuri ba.

A rahoto akwai gurbin da aka rubuta: dabarar da aka bi.
Na daɗe ina kallonsa.
Na sa: zaman ƙasa.
Sai na tuna ba wanda ya taɓa tambayar Baba
sunayen shanunsa.

Yau mako na shida.
Ya shigo, ya zauna, yana ba ni labarin kogin garinsu,
maganar ta yi laushi, kai ya jingina da bango.
Agogo ya ce lokaci ya cika.
Na san shi da ƙarya, minti goma.
Goman ma suka wuce.
Ɗalibi na gaba ya leƙo, na ɗaga masa hannu.
Ban tashe shi ba.