Mati Tuntuɓe

Ni ne yaron da ke riƙe masa tsani,
shekara goma sha tara,
daga kasuwar Gujungu har ta Sara,
aikina ɗaya: in saki a kan gaɓa.

Wandonsa buhun taki, ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya,
takalman taya, duka biyun na hagu,
malafa ba tsakiya, rana tana leƙen sanƙonsa.
Ya ɗauko tulu a ka, ya rusuna wa mai goro,
tulun ya gaida ƙasa,
shi ma ya bi sahu, ƙafafu a sama
kamar an kifar da kujerar tsakar gida.
Masu awo su saki mudu,
mahauci ya dafe ciki da wuƙa a hannu,
har akuyar dillali takan daina tuƙa.

Suna cewa wauta ce Allah ya hore masa.
Ba su san asubarsa ba.
Ni na san ta: yashin rafi, sanyi,
faɗuwa arba'in kafin a dama koko.
"Kafaɗa ke fara sauka, Ɗanlami, sannan ƙugu.
Kai kuwa ɓoye shi, shi ne jari."

Da sulallan da ake watsa masa
ya rufa wa gyatuma ɗaki da kwano,
ya sayi gona a bakin fadama.
Ya je neman aure Kiyawa,
tsohon ya ce ba ya ba mai birgima 'yarsa.
Mati ya yi sallama cikin ladabi,
ya ci karo da dokin ƙofa.
Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce a kawo goro ranar Laraba.

Wani mai kyamara ya zo daga birni,
ya naɗe shi a kaset, ya ba shi jaka biyu da lemon kwalba.
Aka ce har Agadas ana kallon faɗuwarsa.
Ya ce, "Wancan na cikin akwatin ya fi ni wayo,
yana faɗuwa, ba ya sayen man zafi."

Sai gwiwa ta ce ta gaji.
Ya koma gindin durumi yana yanka rake,
yara na wucewa, ido a kan waya,
suna ƙyalƙyala wa wani da bai taɓa cin ƙasa ba.

Ran da muka ɗauke shi, ina gaban makara,
kututturen dawa ya kama mini ƙafa.
Kafaɗa ce ta fara sauka.
Makara ta yi tangaɗi, ta tsaya cak.
Shiru.
Liman ya ja gefen rawani ya toshe baki,
kafaɗunsa na rawa,
wani a baya ya kasa riƙewa,
muka tafi muna istigfari, hawaye iri biyu a fuska.

Sau ɗaya ke nan a duk zamanmu
na faɗi, shi yana sama.