Cokula Biyu a Firji

Dokta Pyeon ya ce kwana uku.
Yau na biyar ke nan,
ƙasan idanuna kamar an ɗura ruwa a leda an ƙulle.

'Yata Da-som ce ta biya.
Ta ce, Mama, kafin ranar bikina
a goge miki ɗige-ɗigen nan
da rana ta yi shekara talatin tana zana miki
a bakin tasar kifi.
Na ce to. Wa ya ƙi a gyara shi?

A hawa na tara, can cikin Seomyeon,
suka kwantar da ni kamar kifin da za a kankare,
suka shafa man da ke kashe fata,
suka ɗora wa idanuna 'yan marafai masu sanyi.
Sai ƙyas, ƙyas, ƙyas,
hasken leza yana tsikara ta
kamar tartsatsin mai a kasko,
ga ƙaurin gashi a hanci.
Minti ashirin. Ribar kifin wata guda.

Suka ba ni takarda:
ki kwana a kan matashi uku,
ki guji rana, ki guji murza,
ki guji gishiri.
Gishiri! Ni da hannuna ke cikinsa tun asuba.
Da-som ta aiko da ruwan kabewa, kwali guda,
ta ce in riƙa sa cokula biyu a firji
ina kifa su a kan kumburin.
Ina kifawa. Sanyin yana shiga har haƙori.

A kasuwar Jagalchi, Bong-rye mai dorinar ruwa
ta leƙo ƙarƙashin malafata, ta dafe ƙirji:
Sun-nyeo, wa ya rasu?
Masu saye suka daina tayi.
Abin da na faɗa shi suke miƙowa, kai a sunkuye.
Wani tsoho ma ya bar min canji.
Ban ce musu uffan ba,
kasuwa ai ba wurin ba da labari ba ce.

Maigidana, shekara talatin da huɗu
bai taɓa sanin inda soso yake ba,
daren jiya na iske shi yana wanke kwanoni,
yana satar kallona ta gefen ido
kamar mai lissafin laifuffukansa.
Na bar shi ya ci gaba da lissafi.

Amma da asubar yau, a madubin banɗaki,
kafin in kifa cokali,
wata ta dube ni.
Uwata ce.
Haka take fitowa daga tekun Yeongdo,
gilashin ninƙaya ya matse mata fuska,
ido a kumbure, leɓe ya yi shuɗi,
tana jan ragar kawa, tana fito da numfashi kamar usur.
Ranar da muka binne ta ban yi kuka ba.
Kwale-kwale ya iso, ƙanƙara tana narkewa,
kifi ba ya jiran mai makoki.
Na ce zan yi daga baya.

Likita ya ce ruwa ne kawai ya taru,
jiki zai tsotse abinsa.
Ban musa ba, shi ya yi karatu.
Ni dai na san ruwan da aka ajiye shekara goma sha ɗaya
ba ya rasa inda zai kwanta.

Jibi ko gata zai sace.
Fata za ta yi sumul, Da-som ta yi murna,
masu saye su dawo da tayinsu,
maigida ya manta hanyar soso.
Ita ma ta koma ƙarƙashin ruwa.

Na mai da cokulan firji ban kifa su ba.
Na kunna fitilar saman madubi,
na ja kujerar roba na zauna.
Motar kifi sai ƙarfe biyar.