Butata da Kan Jirgi

Da asuba, kafin 'yan danfo su fara ihu a Oyingbo,
nakan ɗora buta a kan risho
a gindin katangar ma'aikatar jirgi ta Ebute Metta.
Ruwa ya tafasa, murfi ya soma rawa,
kaf-kaf-kaf, kamar haƙoran mai masassara.

An ce daga nan abin ya faro.
Wai wani a ƙasar sanyi ya ga murfi yana tsalle,
ya ƙi sauke butar, ya zauna yana tambaya.
Ko gaskiya ne, ko zancen teburin shayi ne, oho.
Ni dai na san kakata Tabawa ta shekara sittin
tana danne murfin tukunya da dutse,
ba wanda ya ce mata
ƙarfin doki dubu take dannewa.

Ta ɓular katanga nake hango shi,
baƙin kan jirgi, ya durƙusa bai sake tashi ba.
Ciyawa ta tsiro tsakanin ƙafafunsa,
ƙadangare na gyaɗa kai a bakin bututun hayaƙi
sai ka ce shi ne direba.
Gishirin tekun Ikko ya lashe fenti, ya bar lamba uku.

Kakana Nomau ne ya ciyar da irinsa.
Shebur a hannu, kwal ɗin Inugu a bayansa,
daga Iddo har Jebba bai miƙe ƙugu ba.
Lamidi direba na jan igiyar usur,
shi kuwa yana ba wuta loma,
wuta kuma ba ta taɓa cewa na ƙoshi ba.
Hanyar da ubansa ya sha da jakunan goro
har kofato ya ƙare, har wata ya mutu ya sake tsayuwa,
shi ya cinye ta cikin 'yan kwanaki,
ya sauka Kano goro bai ko yi yaushi ba.

A gabansa zamani ya yi ta saukowa daga jirgin ruwa.
Ya ga waya mai ƙwanƙwasa magana,
saƙon mutuwa ya riga mai ta'aziyya isa gida.
Ya tsaya a Marina ƙarƙashin fitilar da ba ta shan mai,
ya hura mata iska don ya gani, mutane suka yi dariya.
Keken ɗinki kam ya so shi, ya yi tanadi ya saya wa Tabawa.
Agogon tasha ne kaɗai bai yafe wa ba.
Ya ce da, inuwa ce ke sallamar mutum daga aiki,
yanzu sai ƙarfe ya yarda.

Abin da ya kawo gida:
baƙin tari, kunne guda da ya daina ji,
da tabo a damtse mai siffar ƙofar murhu.
Sunan kamfanin da ya ƙera jirgin yana nan a jikin tagulla,
har da gari, har da shekara.
Na leƙa gaba, na leƙa baya,
ban ga Nomau ba.

Yanzu sabon jirgi ke wucewa, sulu kamar maciji,
gilashi a rufe, sanyi a ciki.
Samarin da ke shan shayina ta waya suke yankar tikiti,
ba mai ɗaga kai ya dubi tsohon.
Ban ga laifinsu ba,
ni ma ta wayar nake karɓar kuɗin burodi.

Jiya 'yar Mama Risi mai ƙosai ta zo karɓar canji,
ta tsaya, ta ƙura wa butar ido.
Ta ce, "Malam, wa ke tura murfin?"
Na riga na ɗauko tsumma zan danne shi kamar kullum,
sai na fasa.
Mutum uku na jiran shayi,
ɗaya ya yi tsaki, ya tsallaka wurin Ilu.

Na ƙara wuta,
na bar mata shi yana rawa.